Wa ya riski jirgi na sauka a tsohon filin jirgin Sakkwato?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Jiya ina gyara kayan marigayi mahaifinmu, sai na ci karo da tikitin Nigeria Airways a ƙasan wani akwatin ƙarfe, Sakkwato zuwa Kano. Takardar ta yi ja, amma giwar nan mai fuka-fuki, tambarin kamfanin, tana nan raɗau. Ni na buɗi ido ne na tarar da tsohon filin ya zama gidaje, sunan kawai ya rage wa unguwa. Iyayena da yayyena da kuka ga jirgi na sauka wurin, don Allah ku ba mu labari.

Baba Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah shi jiƙan mahaifinka. Ka tuna mini da nisa. Muna yara, da mun ji ƙugi daga gabas sai mu sheƙa, babu ko takalmi, mu je mu manne ga wayar shingen filin. Wanda na fara gani Dakota ne, shi da ƙaramar ƙafa ga wutsiya, in ya tsaya hancinsa na kallon sama kamar raƙumi zai tashi. Amma wanda munka fi sabawa da shi Fokker F27, mai farfela biyu, fuka-fukinsa bisa gadon baya. Kukansa wani siririn fito ne mai shiga har cikin haƙori. In ya juya zai tafi, ƙurar da yake watso muna sai mun tofar da ƙasa, mu koma gida fururu, a yi muna faɗa, gobe mu sake komawa.

Hajiya Inna ta Rijiyar Ɗorowa:
Malam, ku kuna bakin waya, ni kuwa sau ɗaya Allah ya nufe ni da shiga, ina amarya, maigida zai kai ni Kano. Mai injuna biyu a baya ne, marar farfela, kuma ƙofarsa ita ce matakala, ana buɗe ta sai ta sauko ƙasa. Da ya ɗaga na runtse ido ina ta salati. Wata ma'aikaciya ta miƙo mini alewa ta ce in tsotsa don kunnuwa, ni kuwa na ƙulle ta a bakin zane zan kai wa ƙanena. Da na daure na leƙa taga, sai ga fadama koriya shar, gulbi ya miƙe kamar zare. Ban taɓa sanin haka garinmu yake da kyau ba.

Tsohon Makaniken Jirgi:
Hajiya, F28 kika shiga, shi ma ƙirar kamfanin Fokker ne na ƙasar Holan. Ku da kuka tsaya bakin waya ko kun lura in zai sauka jelarsa na darewa gida biyu? Burkin iska ke nan, shi ke rage masa gudu, shi ya sa gajeren titi bai dame shi ba. Fiton nan kuwa da Baba ya faɗa, muryar injin Rolls-Royce Dart ce. Na shekara da shekaru ina taɓa shi, ko cikin barci na ji ta zan gane.

Abin da ke ci mini rai shi ne, na taɓa tsayawa a wani fili ina kallo ana yanka wani tsohon jirgi gunduwa-gunduwa, 'yan gwangwan na ɗorawa a sikeli. Alminiyam ɗin tukwane aka yi da shi. Jirgin da ya kai dubban mutane gidajensu lafiya! Da an jawo ko guda ɗaya an kafa shi inda 'yan makaranta za su shiga su zauna kujerar matuƙi, me zai rage mu da shi?

Yarinyar Arkilla:
Kawu, wai gaskiya ne nan Sakkwato jirgi ya fara sauka a Nijeriya? Haka kakata ke faɗa.

Tsohon Makaniken Jirgi:
A'a ɗiyata, Kano aka fi sani da wannan. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sojan saman Ingila guda uku, ƙirar DH.9A, suka sauka can daga Masar. Namu sabon filin, mai sunan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, a 1982 aka buɗe shi, zamanin Shagari. Nigeria Airways kuma ta daina tashi a 2003.

Malamin Kimiyya na Gawon Nama:
Ni ban riski wannan zamani ba, amma son jirgi ya kama ni ta wata hanya. Da bazara, in rana ta take, ku ɗaga kai ku dubi shirwa: sai ta yi ta kewaya tana hawa, ba ta kaɗa fiffike ko sau ɗaya. Iskar da ƙasa ta gasa ce ke ɗaga ta. Da irin wannan iska jirgi marar inji ke yin awoyi a sama, bayan wani jirgin ya ja shi da igiya ya sake shi. Nakan fito da ɗalibaina tsakar makaranta su gani da idonsu, sannan mu yi namu na kwali da karan dawa.

Ɗan Mabera:
Na gode, iyayena. Baba, in ba damuwa ina so in kawo maka tikitin ka duba, ka kuma nuna mini daidai inda wayar take.

Baba Tsohon Malami:
Taho ranar Asabar bayan la'asar, ɗana. Akwai wata tsohuwar bishiya da nike shaida wurin da ita. Ka zo da babur, ƙafafuna ba su kai ni yanzu.