"Baki shi ke yanka wuya": wuyan baƙo ko na mai masauki?

Ɗan Adar, Tawa:
Jama'a, gardama ake a fada. Ya dace jami'a ko gidan talabijin su ba shugaban ƙasar da ke adawa da mu dama ya yi jawabi? Masu cewa a ba shi suna kafa hujja da "baki shi ke yanka wuya", wai da kansa zai tona asirinsa. Haka ake amfani da karin nan?

Malamin Bukoki, Yamai:
Ɗan Adar, asalinsa gargaɗi ne ga mai magana ya tsare harshensa. An ɗan ja shi, amma ya kama. Sai dai karin bai faɗi wuyan wa ba. A Satumban 2007 Jami'ar Columbia a Amurka ta gayyaci Ahmadinejad, shugaban Iran na lokacin. Kafin baƙo ya buɗe baki, shugaban jami'ar, Lee Bollinger, ya kira shi azzalumin ɗan kama-karya. Ahmadinejad ya tashi ya ce a ƙasarsu ba a tarbar baƙo da zagi. A nan wuyan mai masauki aka fara yankawa.

Hajiya Tafinta:
Gaskiyarka Malam, baƙonka annabinka. Amma baki ba ya yanka komai in babu mai tambaya. A raba lokaci tun a takardar gayyata: minti 20 na jawabi, 40 na tambayoyi. Makirufo yana hannun mai gabatarwa, kuma wanda aka kauce wa tambayarsa a bar shi ya maimaita. Tafinta ya zama naku. In na tawagarsa ne, zai goge kaushin maganar kafin ta iso Hausa ko Zabarmanci, mutane su ji zuma alhali maɗaci aka zuba. Kada kuma a yarda ofishin jakadancinsa ya tace tambayoyi ko ya raba katin shiga, zaure zai cika da 'yan tafi.

Ɗan Adar:
Hajiya, in ya ƙi sauka fa?

Hajiya Tafinta:
To ka ga Gaddafi a Majalisar Ɗinkin Duniya, 2009. Minti 15 ake ba kowa, ya haura minti 90. Wa zai kashe wa shugaban ƙasa makirufo? Shi ya sa hira a ɗakin ɗaukar shiri ta fi mumbari sauƙin riƙewa.

Tsohon Ɗan Jarida, Yantala:
Ni nawa karin daban ne: magana zarar bunu ce. Sarkozy, shugaban Faransa na lokacin, ya karanta jawabinsa a jami'ar Dakar a Yulin 2007, ya ce ɗan Afirka bai shiga tarihi sosai ba. Ta fita, ba ta komawa. Yau ma abin ya fi muni, daƙiƙa 30 za a yanko a watsa a WhatsApp, amsar da aka ba shi ba mai ganinta.

Malamin Bukoki:
Yallaɓai, Dakar ai hujjarmu ce, har yau da maganar ake jifansa. Hanawa kuma ba ta toshe baki. A 1988 Amurka ta hana Arafat, jagoran Falasɗinawa, biza, sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta kwashi zamanta zuwa Janeba don ta saurare shi.

Tsohon Ɗan Jarida:
Zauren Majalisar na kowa ne, Malam, jami'a kuwa gidan wani ce. In dole ne, a naɗi hirar, a tantance alƙaluman da ya ambata, a sa ta cikakkiya tare da gyaran. Kai tsaye dai ban yarda ba.