Yara na riƙe kalmomi yau, jibi sun zube: wace dabara zan koya musu?

Malamar sizem, Tahoua:
Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da Ingilishi a wani kolej nan Tahoua, bana aka ba ni ƴan sizem, wato ajin farko na kolej. Kun san halin ajin: yaro ya fito CM2, ajin ƙarshe na firamare, bai gama sabawa da Faransanci ba, a gida Hausa ko Tamajak yake ji, sai ga wani harshe an ɗora masa. Nakan rubuta kalmomin darasi a tablo, su kwafe a kaye, mu yi ta maimaitawa har ajin maƙwabta na jin mu. Ranar kowa ya iya. Mako na zagayowa in tambaya, sai su zuba mini ido. Kuma ba ragwanci ba ne. Wata yarinya ta nuna mini shafukan da ta cika da kwafar kalmomi, amma ta faɗi a dabwar, wato gwajin aji, har ta yi kuka. Littafi bai ishi kowa ba, waya kuwa ba a zancenta. Me zan koya musu da za su riƙa yi da kansu a gida?

Tsohon mushe, Boukoki, Yamai:
Wa alaikumus salam ɗiyata, ni tsohon malamin lakwal ne, Allah ya yi wa aikinki albarka. Yarinyar nan ta ba ni tausayi, don ta yi wahala a inda ba riba. In yaro na kwafa, hannunsa ne ke aiki, kansa yana hutawa. Kalma tana kafuwa ne in ya rufe kaye ya lalubo ta da kansa, ya ɗan sha wuya kafin ta zo.

Na biyu shi ne lokaci. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada mantuwa a kan kansa, ya buga sakamakon a 1885. Ya ga mafi yawan abin da mutum ya haddace yana zubewa ne cikin awoyin farko da ranar farko, sannan zubewar ta lafa. Ke kuma sai bayan mako kike waiwayar kalmomin, lokacin ɓarnar ta riga ta auku. Malaman allo sun daɗe da gane wannan. Almajiri ba ya wanke allo sai ya kawo hadda, bayan ya wanke kuma ba a barinsa, kullum yana tishin na baya. Yawancin yaranki sun san tishi tun kafin su san lakwal, ki kira abin da wannan sunan za su gane nan take.

Ga yadda na riƙa yi. Kowane yaro ya yanka kwali ƙanana, na sukari ko na shayi ya isa. Kalma a gaba, ma'ana a baya. Ya samu gwangwanin tumatir uku. Sabuwar kalma tana shiga na farko, wanda ake dubawa kullum bayan magariba. In ya faɗi ma'ana daidai kafin ya juya kwalin, ta wuce na biyu, na Laraba da Asabar. In ta sake tsira ta shiga na uku, na Lahadi kaɗai. Wadda ya manta, ko daga ina take, ta koma na farko. Wani ɗan jarida, Sebastian Leitner, shi ya fito da wannan tsari a 1972, shi da akwati ya yi. Kada ki wuce kalma bakwai ko takwas a darasi, gara kaɗan su zauna.

Malamin kolej (CEG), Talladjé, Yamai:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai aji na da cunkoso, a gida kuma ƙanne za su watsar da kwalayen nan cikin mako guda. Ni kaye nake sa su ninke shafi biyu, kalma a hagu, ma'ana a dama, su rufe gefe ɗaya, maƙwabcin benci ya tambaye su minti biyar kafin darasi. Kuma malama, ki fara da abin da ke bakinsu. Yaron da ke cewa bokiti da teburi ya riga ya mallaki bucket da table, nuna masa kawai za ki yi. Kalmomin aiki kuma a tashi a aikata su: a zauna, a miƙe, a buɗe ƙofa.

Ɗalibar jami'ar Abdou Moumouni:
Yaya, ki ƙara da jimla. Ni kalmar da na sa a zancen gidanmu, da sunan ƙanena ko akuyar innarmu, ba ta guje mini. Wadda na haddace ita kaɗai kuwa, ina gane ta a takarda amma ba ta zuwa bakina.

Malamar sizem, Tahoua:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da ninkin shafi a aji ranar Litinin, gwangwanayen kuma in gwada da waɗanda na san za su adana, yarinyar nan ta farko. Baba, saura tambaya ɗaya: a bayan kwalin, ma'anar da Hausa za su rubuta ko da Faransanci? Akwai yara biyu a ajin da Hausarsu ba ta nuna ba.

Tsohon mushe, Boukoki, Yamai:
Da harshen da yaro ke tunani da shi, ɗiyata. In abu ne mai siffa, ya zana hotonsa ma ya fi. Yaran nan biyu ki bar su su rubuta da Tamajak, ki nemi wani babba cikin ƴan tirwazem, ajin ƙarshe na kolej, ya duba musu.