Zaman lafiya aka samu a Afganistan, ko shiru aka yi?

Kawu: Salamu alaikum. Ni dai maganata ɗaya ce, wanda zai ji haushi ya ji: talakan Afganistan ya fi sakewa yau a hannun Taliban a kan shekara 20 ɗin da Amurka ta yi a ƙasar. Tun da suka shiga Kabul ranar 15 ga Agustan 2021 yaƙi ya lafa, mutum zai kama hanyar Kandahar ba fargabar nakiya. Noman ofiyom ma, tsiron da ake haɗa miyagun ƙwayoyi da shi, da suka haramta, Majalisar Ɗinkin Duniya da bakinta ta ce ya ragu da kashi 95 cikin 100 a 2023. Sauran duk surutun Turawa ne.

Auta: Kawu, sakewar wa? Yarinya tana gama aji shida karatu ya ƙare. Ranar 23 ga Maris 2022 aka ce an buɗe sakandare, 'yan mata suka sa kayan makaranta suka tafi da murna, cikin 'yan sa'o'i aka koro su gida suna kuka. Disambar shekarar aka rufe musu jami'a. Da a can nake, wannan digirin da kake ta sa min albarka a kansa, ko ƙofarsa ba zan gani ba.

Kawu: Ke Auta, boko ne kaɗai rayuwa? Zaman lafiya ai ya fi zama ɗan sarki.

Yaya: Allah ya ja zamanin Kawu, batun tsaro akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Sai dai a tuna, da yawan bama-baman da ake tsoro a da, masu dasa su ne suka zama gwamnati, dole ƙara ta ragu. Kuma ba ta ɗauke duka ba: a Disambar 2024 ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe ministansu Khalil Haƙƙani a cikin ma'aikatarsa. Sannan kar a ɗauka mata kaɗai abin ya shafa. Dokar da suka fitar a Agustan 2024 ta ce gemun namiji kar ya gaza damƙa ɗaya, direba kar ya kunna kiɗa, kar ya ɗauki mace ba muharrami. Tun 2022 kuwa, in mace ta fita fuska a buɗe, mijinta ko ubanta ake tuhuma. Ka ga an mayar da kowane magidanci ɗan sandan gidansa.

Kawu: To duk wannan ba addini ba ne? Ko Shari'ar za ku ƙi?

Malam: A yi hattara da harshe, jama'a. Babu mai jayayya da hijabi ko gemu a nan. Abin tambaya shi ne hana mace ilimi, a ina aka samo shi? Shehin Azhar ya soki matakin, Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta soka, Saudiyya da Ƙatar ma haka. Har mataimakin ministan harkokin wajensu, Abbas Stanikzai, ya fito a Janairun 2025 ya ce babu uzuri a kan rufe makarantun. Mu da muka gaji Nana Asma'u bai kamata wannan ya shige mana duhu ba.

Goggo: Allah ya gafarta Malam, ku bar ni in yi magana a kan abin da na sani, tun da karɓar haihuwa na yi har na ajiye aiki. Mace mai naƙuda ba ta son namiji ya duba ta, su ma hukumomin can ba sa so. Madalla. To a Disambar 2024 sai suka hana mata koyon jinya da ungozomanci, ƙofar da ta rage ke nan. Waɗanda ke aiki yanzu za su tsufa, wasu sun riga sun bar ƙasar, babu 'yan baya. Wanda bai taɓa tsayawa a kan mace jini na zuba, mabiyiya ta ƙi fita, ba zai gane ba. Minti kaɗan ne tsakaninta da lahira, kuma a ƙauyen da ke bayan duwatsu, sai an nemo muharrami kafin a nemo mota. Kawu, wa zai karɓi haihuwar jikokinsu?

Kawu: Wannan kam kin kama ni, bai yi tsari ba. Amma ku riƙa adalci. Amurka ta riƙe musu kusan dala biliyan 7 na babban bankinsu, an janye tallafi, ana so su gyara komai dare ɗaya? Sun ce rufe makarantun na wucin gadi ne, sai sun tsara karatun yadda ya dace da Musulunci.

Auta: Haka suka ce a 1996 lokacin mulkinsu na farko, har mulkin ya faɗi a 2001 ba a buɗe ba. Kuma makarantun maza da wane kuɗi ake gudanar da su?

Yaya: Ni abin da ya fi damuna, duk muna magana ne da yawun mutanen da ba sa iya tanka mana. Matan da suka fita zanga-zanga a Kabul an tarwatsa su, an tsare wasu. Ƙarshen Satumbar 2025 aka kashe intanet a ƙasar baki ɗaya kusan kwana biyu. Wanda ya ce sun gamsu, wa ya tambaya?

Kawu: Ban janye ba dai. Ku tambayi wanda ya binne 'ya'yansa a yaƙi, zai gaya muku abin da ya zaɓa.

Auta: Kawu, 'yar lelenka aji nawa take bana?

Kawu: Shida. Kar ki sako min 'ya cikin wannan magana.