Dillali ya ce batir "ɗari bisa ɗari" ne, to mene ne kuma SoH?

Ɗan Hotoro:

Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake ta lissafin abin da hanyar Kano zuwa Wudil ke ci mini, don a can nake koyarwa, kusan kilomita 40 zuwa, 40 dawowa. Ranar Asabar wani dillali ya kai ni na ga wata motar lantarki, Nissan Leaf 'yar Amurka, ƙirar 2015, mai batir 24 kWh. Yana kunna ta ya nuna allo ya ce, "Malam, duba da idonka, batir ɗari bisa ɗari." Kuma lallai 100% na gani.

Da na faɗa wa ƙanena sai ya ce, "Yaya, kar ka ba da ko sisi sai ka ji SoH ɗinta." Na koma wa dillali, ya ce ai duk abu ɗaya ne, Turanci ne kawai ya yi yawa. Na shiga intanet, sai na ƙara dulmiya: SoC, SoH, DoD, GOM. Da na nemi SoC wayoyi aka yi ta jero mini, DoD kuma sai ga sojojin Amurka. Abin da na iya ƙirgawa da kaina shi ne wasu 'yan sanduna ƙanana a can gefen dama na allon, guda 9 ne suka haska. Don Allah wanda ya sani ya warware mini da Hausa. Motar nan za ta kai ni Wudil ta dawo da ni?

Mai Sola:

Wa alaikumus salam Malam. Ƙanenka ya yi maka rana. Ka san yadda wasu 'yan kasuwa ke buga gindin mudu ya lotsa ciki? Za a cika maka shi har da tozo, kana kallo, amma ka je gida ka ga awon bai kai ba. To SoC shi ne cikar mudun, wato yawan cajin da ke ciki a yanzu. SoH kuwa girman mudun ne, nawa ya rage daga abin da batirin ke ɗauka yana sabo. Ko batirin da ya kusa mutuwa, in ka bar shi a wuta, 100% zai nuna maka. Dillalinka bai yi ƙarya ba a kan cikar, lotsawar ce bai ambata ba.

Sandunan da ka ƙirga su ne labarin. A wannan ƙirar guda 12 ne. Ta farko tana ɓacewa in lafiyar batir ta sauko wajen 85%, sauran kuma kowacce da ɗan fiye da kashi 6. Saboda haka 9 na nufin kana tsakanin 66 da 72 cikin ɗari. Ko tana sabuwa ba duk 24 ɗin ake ba ka ba, wajen 21 ko 22 ne, domin na'urar da ke kula da batir, wadda ake kira BMS, tana ɓoye kaɗan sama da ƙasa. Ka lissafa, abin da ya rage maka wajen kWh 15 ne.

DoD mu masu sola kullum da shi muke kwana, shi ne zurfin abin da ka kwasa. In SoC ya nuna 30, DoD 70 ke nan. Shi ya sa muke roƙon mutane kar su sauke batirin ruwa na infata ƙasa da rabi, ba sa ji, bayan shekara su zo suna cewa mun sayar musu da jabu.

Gyaran Waya:

Yallaɓai, ba intanet ce ta ruɗe ka ba, haruffan ne aka yi wa rabon gado. Mu nan kasuwar waya ta Farm Centre in aka ce SoC, ɗan guntun nan ake nufi da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar waya, irin su Snapdragon da Helio. DoD kuma taƙaita sunan ma'aikatar tsaron Amurka ne. In za ka nema, ka haɗa da kalmar batir. Amma SoH ka san shi tuntuni ba ka ankara ba: masu sayen iPhone na hannu ba sa tambayar caji nawa ne a ciki, lafiyar batir suke buɗewa su gani kafin a fara ciniki.

Direban Abuja:

Malam, ni na riƙe irinta, bari in ƙara kan abin da Mai Sola ya faɗa. GOM ba ma sunan kamfani ba ne, tsokana ce direbobi suka laƙaba wa lambar kilomitar da ke kan allo, ma'anarsa kamar ka ce mitar canki-canka. Tana duba yadda aka tuƙa motar a baya-bayan nan ne ta yi hasashe. In dillali ya yi ta lallaɓa ta a cikin unguwa ba AC, za ta nuna lamba mai daɗi. Ka hau babban titi ka taka, ka kunna AC a zafin Afrilu, sai ka ga lambar na zubewa fiye da tafiyar da ka yi.

Ni da wajen kilomita 6 nake lissafa kowane kWh ɗaya. Naka 15 sau 6, 90 ke nan, tafiyarka kuma 80. Za ta iya, amma kullum da addu'a za ka shigo Mariri, kuma batirin ba tsayawa zai yi a inda yake ba. Na wannan motar ba shi da ruwan sanyaya shi, zafi kuwa shi ne babban abin da ke tsufar da batir. Kano ba sai na faɗa maka ba.

Kar ka dogara da sandunan kaɗai ma, don akwai masu goge ƙwaƙwalwar BMS su dawo 12 na ɗan lokaci. Ka samu ɗan abin nan da ake soka wa a ramin OBD a ƙarƙashin sitiyari, ka haɗa da manhajar LeafSpy, za ta ba ka SoH da lamba. Mafi sauƙi kuma, ka ce a cika ta ku je Wudil tare da shi ku dawo. In ya fara kawo uzuri ka gane.

Sai kW da kWh, su ma ana cakuɗa su. kWh shi ne yunit ɗin da kake saye a mitar gidanka, ɗaya da ɗaya. kW ƙarfin zubar wutar ne. Soket na gida na ba da wajen 2.3 kW, don haka yunit 15 zai ci kusan awa 7, in wutar ta zauna. Ka kuma duba wayar cajin da ta zo da ita: ta 'yan Amurka ta wancan lokacin 120V ce, in ka soka a tamu ta 230 ƙonewa za ta yi.

Ɗan Hotoro:

Allah ya saka muku da alheri, yanzu na gane. Na kira shi ɗazu na ce Asabar mu je Wudil tare, ni zan biya kuɗin cajin. Ya ce zai tambayi mai motar, har yanzu dai shiru. Mai Sola, in makarantarmu na da sola mai infata 5 kVA, zai ɗauki cajin nan da rana ba tare da ya kashe musu fankoki ba? In zai yiwu in ɗan ƙara caji a can, sai in sake lissafi, amma ba a kan farashin da ya faɗa ba.