Neman kalma: me za mu kira "diversity" in ana maganar alƙalan Amurka?

Jama'a, salamu alaikum. Akwai kalmar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, ita ce "diversity", musamman in an jingina ta da kotu. Duk sanda shugaban Amurka zai naɗa alƙalin Kotun Ƙoli sai ta faɗo cikin rahoto, mu masu fassara kuma kowa ya yi ta kansa.

Ni kam na sha kunya a kanta. Ranar 7 ga Afrilun 2022, da Majalisar Dattawan Amurka ta amince da naɗin Ketanji Brown Jackson a matsayin alƙaliyar Kotun Ƙoli da ƙuri'a 53, masu adawa 47, ina kan aikin dare. Na rubuta cewa Biden "yana son ƙara bambanci a kotun". Editanmu dattijo ne mai jan biro. Ya gyara tabarau, ya karanta sau biyu, ya ce: "Yaro, bambancin da baƙar fata suke kuka da shi shekara da shekaru, shi za a ƙara musu?" Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ya ja layi, ya miƙo min takardata. A kunnen Bahaushe "bambanci" ba ya rabuwa da "nuna bambanci". Wannan an binne ta.

Kafin mu nemi wata, mu san kayan da kalmar take ɗauke da su. Kujeru tara ne a kotun tun 1869, kuma wanda ya hau ba shi da shekarun ritaya na dole. Har zuwa 1967 duk maza ne farar fata. A shekarar ce Shugaba Lyndon Johnson ya naɗa baƙar fata na farko, Thurgood Marshall, lauyan da ya ci shari'ar 1954 wadda ta haramta raba makarantun yara bisa launin fata. Mace ba ta shiga ba sai 1981, Sandra Day O'Connor. Sonia Sotomayor, wadda iyayenta 'yan Puerto Rico ne, ta zo a 2009. Ita kuwa Jackson, ban da kasancewarta mace baƙar fata ta farko, ta taɓa zama lauyar da gwamnati ke biya ta kare waɗanda ba su da kuɗin ɗaukar lauya. Ke nan muna neman kalmar da za ta ɗauki launi, da mace ko namiji, da hanyar da mutum ya biyo.

Wani abokin aiki ya ce mu ɗauki "raba-daidai" mu huta, tunda kowa ya san ta. Ban yarda ba. Raba-daidai tamu ce ta Najeriya, tana da tushe a sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999, har da hukumar da ke bin diddigin rabon jihohi. A Amurka ba dokar da ta ware wa kowa kaso a kotun. Tsohon shugaba Ronald Reagan alkawari ya yi a yaƙin zaɓen 1980 cewa zai naɗa mace, Biden ma alkawari ya yi a 2020 cewa zai naɗa mace baƙar fata. Ku dubi wannan ma: daga 2010 zuwa 2016, huɗu cikin alƙalai tara a birnin New York suka tashi, wato Scalia, Ginsburg, Sotomayor da Kagan. Ku ƙiyasta hayaniyar da za a yi a nan in kusan rabin Kotun Ƙoli 'yan birni ɗaya ne.

Wadda ta fi jan raina ita ce "wakilci", kuma ita ce mafi haɗari. Tana da daɗi a baki, amma tana yi wa mai sauraro alkawarin da alƙali bai ɗauka ba.

Ba halacci ko haramcin zubar da ciki na zo tattaunawa ba, wannan fagen malamai ne. Lissafin kawunan kawai nake so ku gani. Hukuncin Roe na 1973, wanda ya ce tsarin mulki ya ba mace 'yancin zubar da ciki, maza tara ne suka zauna a kansa, bakwai suka amince. Hukuncin Dobbs na 24 ga Yunin 2022, wanda ya taso daga dokar jihar Mississippi ta mako 15 ya kuma rushe wancan, an yi shi da mata uku a kotun. Sotomayor da Kagan suka ƙi, Amy Coney Barrett ta bi masu rinjaye. Abin da ya juya akalar shi ne naɗi uku na Trump: Gorsuch a 2017, Kavanaugh a 2018, sai Barrett da ta gaji kujerar Ginsburg ana saura kamar mako guda zaɓen 2020. Aƙida aka duba.

Haka batun 'yancin baƙar fata. Wanda ya gaji kujerar Marshall a 1991 shi ne Clarence Thomas, shi ma baƙar fata, amma tsakanin ra'ayinsu akwai tafiyar kwana da kwanaki. A 2023, da kotun ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, Thomas da Jackson suka yi ta mayar wa juna martani a rubuce, shi yana goyon baya, ita tana adawa. To, in na ce "wakilci", wanne ne wakilin a cikinsu?

Wata 'yar'uwa ta kawo "yalwar jinsi". Hajiya, kin yi tunani, don "jinsi" tana ɗaukar mace da namiji, tana kuma ɗaukar launi. Sai dai ki saka ta a Facebook ki gani, kafin la'asar an fassara miki ita da abin da ba ki nufa ba. "Haɗin gambiza" kuwa zagi ne. Wanda ya ce "dafa-duka", Allah ya shirye ka.

Tawa shawarar: haɗa-kowa. Ginin gida ne, irin na raba-daidai da faɗi-tashi. Tana faɗin waɗanda suka zauna a kujerun, ba ta ce uffan kan hukuncin da za su yanke ba. Ku gwada ta: "Masu fafutukar kare haƙƙin jama'a na neman haɗa-kowa a naɗin alƙalai." Ta zauna. Ta kuma bar mana "damawa da kowa" ga ƙanwarta "inclusion", don tara mutane a zaure daban, miƙa musu ludayi daban.

Na san inda za a soke ni. Kujera tara ba ta haɗa kowa, tunda har yau ba Musulmi, ba ɗan asalin Asiya, ba ɗan ƙabilun asalin ƙasar da ya taɓa hawa. Gaskiya ne, amma "kowa" ɗin Bahaushe ba na ƙidaya ba ne. In an ce kowa ya zo biki, ba wanda ke tambayar ko an rufe kasuwa.

Inda na cije shi ne wajen ƙari da ragi. "Ƙara haɗa-kowa" tana min nauyi a harshe, "raguwar haɗa-kowa" ta fi ta muni. 'Yan'uwa na Maradi da Damagaram, ku da kuke fama da "diversité" a labaran Faransanci, yaya kuke yi da ita a rediyo?