Abin da aka tattauna kan gyaran makarantun gwamnati a Katsina

Jama'a, ga abin da na tsinta:

1. Kusan kowa ya yarda malami ne farko: a ɗauki mai NCE, a biya shi kan lokaci. Fenti ba ya koyar da karatu.

2. Jiha ta riƙa zuba nata kason don karɓo kuɗin UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya. Wani ya ce ajinsu yara na zaune a ƙasa, allo ya koɗe.

3. An rabu kan jarrabawar malamai irin ta Kaduna a 2017, wadda aka kori waɗanda suka faɗi. Wasu na so, wasu sun ce horar da malamai ya fi kora. Ni ma nan na karkata.

4. Makarantun kwana: tun satar ɗaliban Ƙanƙara a 2020, iyaye da yawa sun fi son jeka-ka-dawo.

Batun tsangaya kuwa, ba a daidaita ba.