Wa ya kamata ya biya sadakin Jummai?

Hajiyar Gangare: Salamu alaikum 'yan uwa. Na karanta fitowa ta 41 ta labarin Tanko da Jummai da ake sakar mana kashi-kashi bayan asuba, kuma raina ya sosu. Na bi labarin nan ne don ƙasarmu ce, Bukuru da Barikin Ladi da ramukan kuza. An kamo Tanko daga ƙasar Katsina lokacin ɗiban gwamna, wato kwasar mutane aikin tilas a ramukan kuza, ya haɗu da Jummai mai tuwo a bariki, duk na yarda. Amma a ce Baturen kamfani ya tausaya masa, ya sallame shi, har ya biya masa sadaki? Wannan wanke Turawa ne da sabulu.

Auta: Haba Hajiya, ai ƙagaggen labari ne. Wata huɗu muna zubar da hawaye kan Jummai, ba za a sanyaya mana rai ko sau ɗaya ba?

Hajiyar Gangare: 'Yata, kakana na wajen uwa da shi aka ɗebo. Da riga ɗaya ya iso, bai taɓa sanin akwai sanyi irin na Jos ba. Ya ce wuni suke da kwanon sarki a ka, suna hawa da sauka cikin rami, dare ya yi a cusa su cikin bukkar ciyawa. Wata safiya ya taɓa na kusa da shi ya ji ya sandare. Har ya koma ga Allah bai iya ba da labarin nan ba tare da muryarsa ta karye ba. Ba wanda ya sallame shi don tausayi.

Anti Malama: Allah ya jiƙansa, Hajiya. Auta, ki duba dalilin ɗiban. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun kuza mai yawa, ga yaƙi na ci. Sai aka juyo kan Filato, aka ɗora wa sarakuna adadi, hakimai da dagatai suka riƙa tattaro talakawa, har 1944. Mutane da dama sun mutu a aikin madatsar Tenti. Abin da ya fi damuna, marubuciyar nan ta yi bincike. Ta san ƙaramin jirgin ƙasa na Zariya zuwa Jos da aka daina a 1957, ta san diga da helima, wato shugaban lebura. Wadda ta san wannan ta san sauran.

Maman 'Yan Biyu: Ni ba zan rantse babu Bature mai imani ko ɗaya ba. Ciwona daban ne. Fitowa ashirin Jummai na jefa kwabo da ahu a asusu, tana jure tsangwamar kawunta. Ina amfanin asusun idan wani ne zai zo ya warware komai da sa hannu? An ƙwace mata labarinta.

Anti Malama: Kin taɓo wurin. Kuma hanya a buɗe take: lebura da yawa guduwa suka yi. A bar Tanko ya sulale cikin dare, Jummai ta fasa asusu ta biya musu kuɗin jirgi.

Auta: To in ya gudu, dagaci ya huce kan ƙaninsa fa? Kuma ku yi wa marubuciyar adalci. Mu ne muka dame ta da saƙo kullum, a ɗaura aure, a ɗaura aure, wasu har da cewa a mayar musu da kuɗinsu.

Hajiyar Gangare: Auren nake so ni ma, Auta, wallahi ina so. A ɗaura shi, amma da gumin Jummai. Jikokina na karanta labarin nan, kuma daga nan suka fara jin kalmar ɗiban gwamna.

Auta: Na ji, Hajiya. Amma kada a far mata da faɗa, ta kusa barin rubutun kwanaki.

Hajiyar Gangare: Ba faɗa. Akwai wata tsohuwa a layinmu da mahaifinta ya yi aikin. Zan roƙi marubuciyar ta zo ranar Asabar in kai ta, kafin ta saki ta 42.